Gaɗa da Lambar Zinariya: Abin da Tafiyar Kaylia Nemour Take Nuna wa Manazarta Hausa

Gabatarwa

Ranar 4 ga Agusta, 2024, a zauren Bercy da ke birnin Paris, wata yarinya 'yar shekara 17 mai suna Kaylia Nemour ta ci lambar zinariya a wasan alkafura na mata a gasar Olamfik. Ta samu maki 15.700 a kan sanduna biyu masu bambancin tsawo, inda ta shiga gaban Qiu Qiyuan ta ƙasar Sin da Sunisa Lee ta Amurka. Aljeriya ta wakilta, kuma kafin wannan rana babu wani mai wakiltar ƙasar Afirka, mace ko namiji, da ya taɓa ɗaukar lamba kowace iri ce a wannan wasa a Olamfik.

Labarin ya zo ya wuce kamar sauran labaran wasanni, kuma da wuya a ce ya tsayar da wani manazarcin harshe ko adabi ko al'adun Hausa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ya kamata ya tsayar da shi. Dalili kuwa, fagen nazarin Hausa ya daɗe yana ɗaukar wasannin 'yan mata na dandali, musamman gaɗa, a matsayin rumbun waƙoƙi kawai. An tattara baitoci, an fitar da jigo da salo, amma gwanintar jikin da ke ɗauke da waƙar an bar ta babu mai bayyana ta. Wannan giɓi ya jawo asara ga ilimi, ya kuma jawo asara ga yara mata. Ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, wuri ne da ya dace a fara cike shi.

Tafiyar Nemour

An haifi Kaylia Nemour ranar 30 ga Disamba, 2006, a tsakiyar Faransa. Mahaifinta ɗan asalin Aljeriya ne, mahaifiyarta Bafaranshiya. Tun tana ƙarama ƙwarai ta fara koyon wasan a wata ƙungiya da ke Avoine, ƙaramin gari wanda mutanensa ba su kai dubu uku ba. A can ta tashi har ta wakilci Faransa a matakin ƙananan 'yan wasa.

A 2021 aka yi mata aiki a gwiwoyinta biyu saboda wata cuta da ke taɓa guringuntsi. Daga nan saɓani ya ɓarke. Likitan da ya duba ta ya ba ta damar komawa fage, amma ɓangaren lafiya na hukumar wasan ta Faransa ya ƙi amincewa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ta zaɓi wakiltar ƙasar mahaifinta. Hukumar Faransa ta ja ƙafa wajen sakin ta, sai a 2023 aka warware taƙaddamar. A watan Mayu na wannan shekara ta zama zakarar Afirka a birnin Pretoria, a watan Oktoba kuma ta ci lambar azurfa a gasar duniya da aka yi a Antwerp ta Beljiyam, lambar farko da wata ƙasar Afirka ta samu a wannan mataki. Bayan wata goma ta ci zinariyar Paris.

Domin fahimtar girman abin, ya kamata a san yadda wasan yake. Mata suna fafatawa a fage huɗu: tsallake tebur bayan gudu, da lilo a kan sanduna biyu, da tafiya a kan katako mai tsawon mita 5 da faɗin santimita 10, da kuma wasan ƙasa a fili mai faɗin mita 12 ta kowane gefe. Tun daga 2006 maki iri biyu ake haɗawa, na wahalar abin da aka yi da na tsabtar yin sa. A wasan ƙarshe na Paris, makin wahala na Nemour ya kai 7.2. A kan sandar sama, wadda ta kai kimanin mita biyu da rabi daga ƙasa, takan saki hannu, ta tsallake sandar da baya jikinta a miƙe, ta sake cafke ta. Ɗaya daga cikin irin waɗannan motsi yanzu sunanta yake ɗauke da shi a kundin dokokin hukumar wasan ta duniya, domin al'adar wasan ita ce a raɗa wa sabon motsi sunan wadda ta fara yin sa a babbar gasa.

Tuta a Nan, Maƙera a Can

Murnar da aka yi a Afirka tana kan hanya, amma akwai gaskiyar da bai kamata a rufe ba. Tutar Aljeriya aka ɗaga, sai dai a Faransa aka ƙera gwanar. Haka labarin yake a Nijeriya. Uche Eke, wanda ya ci zinariya a wasannin Afirka na Rabat a 2019, ya kuma zama ɗan Nijeriya na farko da ya shiga wasan alkafura a Olamfik a birnin Tokyo, a Amurka aka haife shi, a can ya samu horo har zuwa Jami'ar Michigan. Ke nan abin da nahiyar ta rasa ba yara masu baiwa ba ne. Ta rasa wurin da za a gane baiwar da wuri, a raine ta.

Abin lura a tarihin Nemour shi ne ƙanƙantar wurin da ta fito. Abu huɗu suka haɗu a Avoine: zaure mai katifu, da mai koyarwa, da likita, da iyayen da suka yarda. Labarin Rebeca Andrade ta Birazil ya ƙara tabbatar da haka. 'Yar mai aikatau ce, cikin 'ya'ya takwas, kuma ta fara wasan tana shekara huɗu a wani shiri na hukumar garin Guarulhos. Sau uku jijiyar gwiwarta tana tsinkewa, amma a yau tana da lambobin Olamfik shida. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu wasan da karin maganar ta fi dacewa da shi kamar wannan. Yawancin gwanayensa kafin shekara bakwai suke farawa. Waɗannan su ne shekarun da 'yar Bahaushe take fara fita dandali.

Gaɗa a Matsayin Ilimin Jiki

Duk wanda ya san gaɗa ya san siffarta. 'Yan mata sukan yi da'ira ko rabin da'ira, ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi da tafi. A wasu nau'o'inta, ɗaya takan fito tsakiya ta taka, ta juya wa ƙawayenta baya, ta faɗa musu, su tare ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta daidai da bugun tafi. Idan aka dubi wannan da idon mai koyar da motsa jiki, za a ga abubuwa da dama. Akwai ƙanƙame jiki domin kada ya saki a iska. Akwai sanin inda ƙasa take ba tare da an kalle ta ba. Akwai sassauta gwiwa lokacin dira, da daidaita motsi da kari. Akwai kuma amincewa da hannun masu tarewa, wadda a zauren horo na zamani aikin mai koyarwa ce. Waɗannan duka suna cikin darussan farko na wasan alkafura.

Ba a cewa gaɗa ita ce wasan alkafura, ko kuwa mai iya gaɗa za ta iya hawa sanduna. Tsakaninsu akwai shekaru goma na horo mai tsanani. Abin da ake cewa shi ne al'ummar Hausawa ta daɗe da mallakar wata makaranta ta sarrafa jiki ga 'ya'yanta mata, wadda manyan yara suke koya wa ƙanana, ba tare da malami ko allo ba. Yara maza ma suna da nasu, irin su langa da a-sha-ruwan-tsuntsaye, inda ake tsayuwa ƙafafu a sama.

Tambayar ita ce, me ya sa nazari ya tsaya a kan waƙar? Akwai dalilai da za a iya fahimta. Sassan Hausa na jami'o'i sun ginu ne a kan harshe da adabi, kuma kayan aikin mai bincike na farko su ne alƙalami da rikoda, waɗanda sauti suke kamawa. Bugu da ƙari, akasarin masu binciken farko maza ne, waɗanda kunya da al'ada ba za su bar su su tsaya suna ƙare wa rawar 'yan mata kallo ba. Sakamakon haka, ɗalibi zai iya rubuta kundi guda a kan waƙoƙin gaɗa, ya kawo jigon soyayya da na habaici da na gargaɗi, amma bayanin yadda ake yin wasan bai wuce sakin layi ɗaya ba. Wannan daidai yake da a yi nazarin dambe daga waƙoƙin makaɗan maza kaɗai, ba a ambaci yadda ake naɗe hannu ko yadda ake kai naushi ba.

Lokaci kuma ba ya jira. A garuruwa da yawa dandali ya yi rauni ko ya mutu, saboda makarantun dare da kallon finafinai da wayar hannu da fargabar iyaye da sauyin fahimtar addini. Waƙar da aka rubuta tana nan a ɗakin karatu. Motsin da ba a bayyana ba kuwa, yana tafiya ne tare da tsohuwar da ta iya shi.

Dalilin Zaɓen Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel tana da abubuwa uku da suka sa ta dace da wannan aiki. Na farko, Gagarawa da Sule Tankarkar yankuna ne na karkara, na manoman gero da riɗi da zoɓo, inda matan da suka yi gaɗa a ƙuruciyarsu suke da yawa, kuma za su iya nuna yadda ake yi, su faɗi sunan kowane salo. Na biyu, Maigatari tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwarta ta ranar Alhamis tana haɗa mutanen Jigawa da na jihar Damagaram. Wannan ya buɗe ƙofar nazarin kwatance tsakanin tsallaken iyaka biyu, a yankin da Hausawa da Mangawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya. Na uku, a garin Gumel akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa, wadda take yaye malaman da ke shiga azuzuwan firamare na waɗannan ƙauyuka. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse ma suna cikin jihar.

Akwai kuma darasi a tsallaken iyakar. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar farko a Tawa, Nijar ta mayar da kokawar gargajiya wasan ƙasa mai dokoki da alƙalai da filaye da takobin girmamawa. Duk da haka kokawar ba ta rabu da makaɗanta da kirarinta ba. Dambe ma ya samu masu shirya gasa da masu kallo a intanet. Wasannin ƙarfi na maza sun samu masu ɗaukar su daga fagen ƙauye zuwa fage mai tsari. Na mata ne aka bari a inda suke har suna shuɗewa.

Ƙorafe-ƙorafen da Suka Cancanci Amsa

Ƙorafi na farko shi ne sutura. Kayan da aka saba gani a jikin 'yan wasan alkafura ba su dace da tarbiyyar Musulmin ƙasar Hausa ba, kuma babu uban da za a zarga don ya ƙi. Sai dai wannan sutura ba wajibi ba ce. A gasar Turai ta 2021 a birnin Basel, da kuma a Olamfik ta Tokyo, 'yan wasan Jamus sun fito da kayan da suka rufe ƙafafu har idon sawu, kuma dokar wasan ta yarda da hakan. Su da kansu suka bayyana cewa sun yi ne don nuna ƙin yadda ake mayar da jikin mace abin kallo. Ban da haka, abin da ake magana a kansa a Gumel ba fagen talabijin ba ne. Yara ne 'yan firamare, a cikin makarantar mata mai katanga, a hannun malama mace, a gaban iyaye mata. Gaɗa kanta ai tsakanin mata ake yin ta tun asali.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato amincin yara. Tarihin wannan wasa yana da tabo. Nadia Comaneci ta Romaniya tana shekara 14 ta samu cikakken maki 10 a Montreal a 1976, kuma yayin tura ƙananan yara fagen manya ya ci gaba har aka ɗaga mafi ƙarancin shekaru zuwa 16 a 1997. A 2018 wata kotu a Michigan ta yanke wa Larry Nassar, tsohon likitan tawagar Amurka, ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun ba da shaidar cin zarafin da ya yi musu. A 2022 wani rahoton bincike a Birtaniya ya bankaɗo yadda ake horar da yara da yunwa da tsawa da tilasta musu wasa da rauni a jiki. Simone Biles, wadda ta fi kowa lambobi a tarihin wasan, ta janye daga wasan ƙarshe na tawaga a Tokyo a 2021 saboda ta daina gane inda take idan tana juyi a iska. Rikicin Nemour ma a kan gwiwar yarinya aka yi shi, manya suna ja-in-ja a kan wanda yake da iko da ita.

Waɗannan misalai hujja ce ta yin hattara, kuma a nan ne gaɗa take da abin koyarwa. A dandali yarinya da kanta take fitowa tsakiya, idan ta gaji ta koma layi, kuma waɗanda suke tare ta su ne za ta tare idan layi ya zo kansu. Babu wanda yake auna nauyinta, babu wanda yake keɓewa da ita. Duk wani shiri da za a yi, wajibi ne ya riƙe waɗannan siffofi: yardar yarinya da ta iyayenta, horo a bainar mata, da haƙƙin cewa a'a.

Ƙorafi na uku shi ne fifiko. Za a ce yankin da yake fama da ƙarancin azuzuwa da malamai da abinci mai gina jiki ba shi da sararin tunanin alkafura. Gaskiya ne sanduna da teburin tsalle na gasa suna da tsada, kuma babu mai hankalin da zai yi alkawarin zinariyar Olamfik daga Gagarawa nan kusa. Amma wasan ƙasa katifa kawai yake buƙata. Ilimin motsa jiki da lafiya kuma yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya tun tuni. Abin da ya rage shi ne a cika wannan darasi da abin da yarinya ta sani daga gida, maimakon a rubuta mata sunayen wasannin Turai a allo ta haddace don jarrabawa.

Aikin da Ke Gaban Manazarta

Aiki na farko shi ne adanawa. Ana buƙatar mata masu bincike su shiga ƙauyukan ƙananan hukumomin nan huɗu, da izinin iyaye da masu unguwanni, su ɗauki bidiyon wasannin, su zauna da tsofaffi, su rubuta bayanin kowane motsi daki-daki: tsayuwa, da juyi, da faɗuwa, da yawan masu tarewa, da inda tafi yake faɗawa. Ya kamata a rubuta sunayen waɗanda aka san su da gwaninta a kowane gari, idan su da iyalansu sun yarda. Wasan alkafura yana ajiye sunan yarinya a kundi saboda motsi guda da ta ƙaga. Bai dace a ci gaba da binne gwanayen dandali a ƙarƙashin kalmar "gargajiya" kamar babu wadda ta taɓa ƙirƙirar komai ba.

Aiki na biyu shi ne kalmomi. Har yau masu fassara labarai ba su tsaya a kan suna ɗaya na wannan wasa ba. Wani ya ce alkafura, wani ya ce tsalle-tsalle, wani ya ce lanƙwasa jiki, alhali tsalle-tsalle ya riga ya zama sunan wani fannin dabam. Harshen kuwa yana da jari: adungure da alkafura da wuntsilawa da lilo da reto da dira, kowace da iyakar ma'anarta. A 1990 an samar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, kuma ɗalibai suna cin moriyarsa har gobe. Irin wannan aiki ake buƙata a fannin motsa jiki, tsakanin malaman Hausa da malaman wasanni. Malamar da take koyar da yarinya juyi a ƙauyen Sule Tankarkar da Hausa za ta ce mata ta sunkuyar da kai, kuma kalmar da ba ta fito daidai ba tana iya zama sanadin rauni a wuya.

Aiki na uku shi ne gwaji. Za a iya zaɓen makarantar mata ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a horar da malama, a sa katifu, a riƙa shirya haɗuwa sau ɗaya a zango inda za a auna waƙa da amshi da motsi tare. A dokar gasar duniya, kiɗan da mata suke wasan ƙasa da shi ba a yarda ya ƙunshi kalmomi ba. Gaɗa kuwa da waƙarta take rayuwa, don haka kada a raba su da sunan zamanantarwa. Yarinyar da ta yi fice, idan ita da iyayenta suna so, akwai matakan gaba a gasannin matasa da gasar wasanni ta ƙasa wadda aka fara a Legas a 1973. Sauran kuwa sun samu lafiyar jiki da ƙarfin hali da wani dalili na son makaranta.

Kammalawa

Tafiyar Kaylia Nemour ta nuna cewa gwana tana iya fitowa daga ƙaramin gari, muddin akwai wanda ya ɗauki motsin yarinya da muhimmanci tun tana ƙarama. Ta kuma nuna cewa jikin yarinya amana ce da manya kan yi sakaci da ita idan lamba ta rufe musu ido. Manazarta Hausa ba su ne za su gina zaure ko su sayi katifa ba, wannan aikin hukumomin ilimi ne da masarauta da iyaye. Amma su ne suke da ikon bayyana abin da ke akwai, su ba shi suna, su shigar da shi cikin ilimi. Abin da ba a bayyana ba, ba ya shiga manhaja, kuma abin da bai shiga manhaja ba, ba a ware masa kuɗi. Matan da suka san gaɗa ciki da waje suna nan da rai a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Kundin digiri na gaba da za a rubuta a kan gaɗa ya kamata ya ƙunshi babi a kan yadda ake faɗawa da yadda ake tarewa.